Gardiner: Garin da Haɗarin Jirgin Ruwa Ya Haifa a Bakin Kogin Umpqua

Ina ne Gardiner?

Ɗan ƙaramin gari ne a jihar Oregon ta Amurka, a gefen kogin Umpqua, kusa da inda ya faɗa tekun Fasifik. Ƙidayar 2010 ta samu mutum 248 a cikinsa.

Yaya aka yi gari ya tsiro a wurin?

Tsautsayi ne ya kafa shi. Ranar 1 ga Oktoban 1850 wani jirgin ruwan fatake mai suna Bostonian ya zo shiga kogin, sai ya kafe a tarin yashin da ke bakinsa ya wargaje. Mutanen ciki suka yi ta fama har suka tsamo mafi yawan hajar, suka hau da ita kogi zuwa wani wuri mai lafawa, suka jibge. Inda kaya suka sauka, nan mutane suka sauka. Sunan garin ma na attajirin birnin Boston ne da ya aiko da jirgin. A 1851 har an buɗe ofishin kwastan.

Me ya sa baƙi suka yi ta kwararowa?

Ƙasa da zinariya. A shekarar haɗarin gwamnati ta yi dokar bai wa baƙo eka 320 kyauta, mai aure kuwa shi da matarsa 640. Ga kuma masu haƙar zinariya a kudancin Oregon suna neman fulawa da gishiri da kayan aiki. Jirage kan shigo ta Gardiner su haura kogi zuwa garin Scottsburg, daga can a ɗora wa alfadarai.

To, kafin su zo babu kowa a wurin?

Akwai mana, kuma nan ne labarin ke ci mini rai. Mutanen Kuitsh, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, sun daɗe a wannan gaɓa, suna kamun kifin salmon, suna sassaƙa kwale-kwale, suna zaune a gidajen katako. A 1855 aka sa su hannu kan yarjejeniyar barin ƙasarsu, majalisar dattawan Amurka ba ta taɓa amincewa da ita ba, amma ƙasar ta tafi. Aka tsare su kusa da sansanin soja na Fort Umpqua, daga baya aka kora su arewa da ƙafa zuwa Yachats, inda yunwa da cuta suka ci da yawansu. Sai a 1984 gwamnati ta sake amincewa da jikokinsu a matsayin al'umma, tare da 'yan ƙabilun Coos da Siuslaw. Shi ya sa in na ji an ce "mutanen farko" nake tambaya: farkon wa?

Da me garin ya rayu bayan zinariya?

Katako. An kafa masana'antar yanka itace a 1864, jirage na lodi zuwa San Francisco. Wani shugaban kamfanin, W. F. Jewett, ya sa aka shafe gidaje da farin fenti, har aka yi wa garin laƙabi da "farin birni na bakin teku". Mai shigowa ta ruwa zai hango su jere a jikin tudu, fari fat, baƙin daji a bayansu.

Yau fa?

Reedsport da ke tsallaken kogi ta janye kasuwa tun zuwan jirgin ƙasa. Masana'antar takarda ta International Paper, wadda ta riƙe iyalai da dama tun shekarun 1960, ta rufe a 1999, daga baya aka rushe ginin.