Meskalin: fitowa daga tsiro ba ta hana shi illa

An daɗe ana cewa meskalin, wani sinadari mai sa maye da gane-gane, ba ya cutarwa tunda daga tsiro yake. Wannan zance ba haka yake ba. Peyote ɗan guntun tsiron hamada ne marar ƙaya da ke fitowa a Meziko da kudancin Texas, kuma a 1897 Bajamushe Arthur Heffter ya tace meskalin daga cikinsa.

Jiki ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa: tashin zuciya, amai, gumi, zuciya na dukan uku-uku, jini ya hau, baƙin ƙwayar ido ya buɗe. Daga nan sai meskalin ya kama wuraren da sinadarin serotonin, mai kai saƙo tsakanin jijiyoyi, ke aiki a ƙwaƙwalwa. Launuka su yi ta walƙiya, bango ya zama kamar yana numfashi, minti guda ya ƙi wucewa. Wani ya ji natsuwa, wani tsoro ya rufe shi, kuma abin kan kai awa 10 zuwa 12 bai sake shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mai ciwon zuciya, da wanda taɓin hankali ke cikin danginsu, domin sha ɗaya na iya tayar musu da ciwon.