Tallafin Noma a Jihar Kebbi: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

Da zarar an fara shirin noman rani, tambayoyi iri ɗaya manoman shinkafa na yankin Argungu da Suru suke kawo mini, don haka ga amsoshin a wuri guda.

Shin kuɗi gwamnati take rabawa?

Galibi ba kuɗi ba ne. Taki ne da iri da maganin feshi a kan rangwame. Ko a tsarin da aka fara a 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, saƙo ake aiko wa manomi ta waya, ya je wurin dillali ya biya rabin kuɗin buhu biyu na taki.

To, shirin Anchor Borrowers fa, ba kyauta ba ne?

Bashi ne. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da shi a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, kuɗin kuwa na Babban Bankin Najeriya ne, kuma sharaɗin a lokacin da ake bayar da rancen shi ne manomi ya karɓi kayan noma ya biya da shanshera ko da kuɗi bayan girbi. Masu kiransa rabon gwamnati sun san gaskiya, son zuciya ne kawai.

Wani ya ce in ba shi wani abu ya sa sunana a jerin masu samun tallafi.

Kada ka bayar. Kuɗin ƙungiyar manoma daban ne, shi ma sai da rasidi.

Ambaliya ta cinye gonata, shin bashin yana nan a kaina?

Wannan ya danganta da abubuwa da dama, kuma ba na son kowa ya ɗauki maganata ya je ya yi wa jami'in banki tsawa. A ƙa'ida, rancen noma irin wannan yana tafiya da inshora, wadda NAIC, hukumar inshorar noma ta Najeriya, take cikin masu bayarwa, amma inshora ba ta aiki don kawai ruwa ya zo. Sai an duba ko an biya kuɗinta da sunanka, ko gonar da ta nutse ita ce wadda aka auna aka rubuta, da kuma ko an kai rahoto da wuri, tun ruwa yana kwance a kan shukar. A ambaliyar 2020, wadda ta shafe fadamun shinkafa masu yawa a jihar nan, duk wanda ya jira ruwa ya janye kafin ya yi magana ya raunana hujjarsa da kansa. Ko an amince da asarar ma, mai yiwuwa diyyar ta rage bashin ne kawai ba tare da ta shafe shi ba. Saboda haka ka ɗauki hoton gonar da waya, ka sanar da shugaban ƙungiya da malamin gona a rubuce, ka riƙe kwafi. Ka kwantar da hankalinka, wanda ya zo da takarda ya fi wanda ya ɓuya samun sassauci.

Ba ni da BVN, wato lambar tantancewa ta banki.

Je banki ka yi, kuma ka tabbatar sunan ya dace da na NIN ɗinka, wato lambar shaidar ɗan ƙasa.

Zan iya sayar da takin in yi wata lalura?

Ana yi, har a bakin wurin rabo masu saye suke tsayawa da kuɗi a hannu. Amma shinkafar da ba ta sha taki ba ba za ta cika buhunan da za a nema a wurinka ba, kuma sunanka ne a takardar, ba na wanda ya saya ba.