Matakan Masu Ci a Sarƙar Abinci

Sarƙar abinci jeri ne da ke nuna wa ke cin wa a cikin halittu, da yadda kuzari ke tafiya daga wannan jiki zuwa wancan. Tushenta tsirrai ne, domin su ke haɗa abincinsu da hasken rana da ruwa da iskar kabon. Dabba kuwa dole ta ci wani abu, kuma ana ba ta mataki gwargwadon nisanta da tsiro.

Masu ci na farko su ne masu cin tsiro kai tsaye. A gonakin masara da dawa na Samaru da Shika, kusa da Zariya, akwai fara, ɓera, tsuntsun jan-baki, da tsutsar masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016. Shanu da awaki ma nan suke. Na biyu su ne masu cin waɗannan, kamar ƙadangare, kwaɗo, bushiya, da balbelar da ke bin garke tana tsince farin da kofato ya tayar. Na uku, irin su maciji da shaho, suna cin na biyu.

Girman jiki ba shi ke ba da mataki ba, abin da aka ci ne. Bijimi na matakin farko, gizo-gizo na biyu. Dabba ɗaya ma tana canza mataki: kaza in ta ci tsaba tana na farko, in ta tona gara ta koma na biyu. Talibambam gansakuka yake kiwo a bakin kogin Kubanni, sai ya zama kwaɗo ya koma kan ƙwari. Mutum ma haka, tsakanin tuwo da soyayyar fara. Shi ya sa masana suka fi son zanen saƙar abinci mai rassa a kan jeri guda.

A 1942 masanin halittu Raymond Lindeman na Amurka ya bayyana yadda kuzari ke raguwa daga mataki zuwa mataki. Abin da ke hayewa kusan kashi 10 cikin 100 ne, wani lokaci 5, wani lokaci 20. In ganyen masara na ɗauke da awo 10,000, fara za ta ajiye kimanin 1,000, ƙadangare 100, shaho 10. Sauran ya tafi a numfashi da motsi da zafin jiki da kashi, ga kuma ƙashi da gashi da ba sa narkewa. Saboda haka sarƙa ba kasafai take wuce matakai huɗu ko biyar ba, kuma fara ta fi shaho yawa nesa ba kusa ba.

Ɗalibai kan yi kuskure biyu a jarrabawa. Ga daidai: a zanen sarƙa, kibiya daga abin da aka ci take tashi ta nufi mai ci. Sannan in an ƙidaya da tsiro, mai ci na farko shi ne na biyu a jerin.

Guba kuwa akasin kuzari take yi. Irin DDT, maganin ƙwari da ke maƙalewa a kitse, tana ƙara taruwa ne a matakan sama. Mujiyar da ta ci ɓeran da aka sa wa guba kan mutu, haka wadda aka jefe saboda camfi, daga nan ɓeraye su yi wa rumbu kaca-kaca. Ungulu, mai share mushe daga kowane mataki, ta yi ƙaranci a mayankanmu saboda guba da masu sayen sassan jikinta don magani.