Ƙananan RNA da haihuwar mace: tambayoyi da amsoshi

Wai mene ne maikro-RNA ɗin nan?

Umarnin gina furotin yana ajiye ne a cikin DNA, sai a kwafo saƙon a ba wani RNA ɗan aike ya kai inda ake haɗa furotin ɗin. To shi maikro-RNA ɗan guntu ne, harafi (ƙananan tubalan da ake jera RNA da su) wajen 22 kacal, baya gina komai, aikinshi kawai ya je ya manne wa ɗan aiken nan ya hana shi isar da saƙo, ko ya sa a wargaza shi. Birki ne dai a taƙaice. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka gano shi a 1993 a jikin wata 'yar mitsitsiyar tsutsa, sai a 2024 aka ba su kyautar Nobel.

To ina ruwanshi da haihuwa?

Ai haihuwa harka ce ta lokaci. Ƙwai ya nuna, ya fita, ya bi bututu, mahaifa ta shirya karɓarshi, kowanne da ranarshi, dole wani furotin ya yi shiru kafin wani ya tashi. A 2013 masu bincike a Japan suka cire maikro-RNA guda biyu, miR-200b da miR-429, daga jikin ɓeraye mata, sai ƙwai ya daina fita, kuma abin mamaki gidan ƙwan lafiyarshi ƙalau, matsalar tana can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa inda ake yin homon ɗin LH, sinadarin da ke sa ƙwai ya fita, shi ne ya yi ƙasa. Wasu kuma da suka kashe Dicer, wato sinadarin da ke yanka RNA ɗin ya zama ƙanana, a hanyar haihuwar ɓera, sai bututun ya yi ƙulli-ƙulli cike da ruwa, ɗan tayi ya kasa ƙarasawa mahaifa.

Shi ƙwan kanshi fa?

Nan ne labarin ya fi burge ni. An cire Dicer a ƙwan ɓera, ƙwan ya kasa rabuwa daidai, kowa ya ɗauka rashin maikro-RNA ne, sai a 2010 aka gano ashe wani ɗan uwanshi ne mai suna siRNA yake riƙe da aikin a wurin.

Da ciki ya shiga, aikinsu ya ƙare?

Ina! Mabiyiyar ɗan Adam tana da nata tarin maikro-RNA a kan kuromosom na 19, wato ɗaya daga cikin ƙunshin DNA, tana zuba su cikin jinin uwa. An kuma sha ganin miR-210 ya ƙaru a mabiyiyar matan da suka kamu da hawan jinin masu ciki, irin wanda kan kai ga jijjiga, domin shi yana tashi ne idan iskar oksijin ta yi ƙaranci.

Akwai abin da mace za ta amfana da shi yanzu?

Magani dai tukuna, yawancin hujjar daga ɓera take. Gwaji ne ya fi kusa. Ciwon endometiriyosis, inda nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, yana damun kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, mace ta yi shekaru tana murƙususu da ciwon mara duk wata ana ce mata haƙuri za ki yi, kuma sau da yawa sai an leƙa cikinta da kyamara a tiyata kafin a tabbatar. A Faransa an ƙirƙiro gwajin da ke karanta maikro-RNA a cikin yawu don gano ciwon, mace ta tofa yawu a ɗan kwalba a kai lab, ba yanka ba allura.