Waiwaye: Melrose, ƙauyen da yaron mahauci ya sauya wa zari-ruga fasali

Melrose gari ne ƙarami a kudancin Sikotland, a yankin da ake kira Borders, gefen kogin Tweed, ƙarƙashin duwatsun Eildon. Mutanensa ba su kai 3,000 ba. Amma kofin duniya na zari-rugar 'yan bakwai-bakwai sunan wannan gari yake ɗauke da shi, kuma sanadin haka rashin kuɗi ne.

An kafa kulob ɗin garin a 1877, yana wasa a filin Greenyards, inda yake har yau. A lokacin ba a biyan kowa ko kwabo. 'Yan wasan mahauta ne da manoma da ma'aikatan masaƙa, sai an tashi aiki su sa riga su fita fili. Ba a jima ba asusu ya ƙare, har ana fargabar kulob ɗin zai watse. Sai wani ɗan wasa mai suna Ned Haig, haifaffen garin Jedburgh da ke yankin, wanda ke koyon fawa a hannun David Sanderson, ya kawo shawarar a shirya gasa ta yini guda a sayar da tikiti. Matsalar ita ce, zari-ruga na asali mutum goma sha biyar-biyar ne, kuma wasa ɗaya yana cin sa'a guda da wani abu. Ta yaya ƙungiyoyi da yawa za su kara a yammaci ɗaya? Aka rage 'yan wasa zuwa bakwai-bakwai, aka mayar da wasan minti 15.

Ranar 28 ga Afrilu, 1883 aka yi gasar, ƙungiyoyi bakwai na maƙwabta suka shiga, matan garin kuma suka ba da kofin da ake kira Ladies Cup. Wasan ƙarshe ya haɗa Melrose da Gala, kulob ɗin garin Galashiels, daɗaɗɗun abokan hamayya, tsakaninsu tafiyar 'yan mil kaɗan. Lokaci ya cika babu ci, aka shiga ƙarin lokaci. Sanderson, wanda shi ne kyaftin, ya dangwara ƙwallo a bayan layi, wato ya ci, nan take ya kwashe mutanensa suka bar fili, wai an gama. 'Yan Gala suka yi ta ƙorafi, amma kofi ya zauna a Melrose. In don adalci ne, ni a ganina suna da hujja, domin lokacin bai ƙare ba. Sai ga shi daga baya ka'idar ta zama haka: a ƙarin lokaci, wanda ya fara ci ya ci.

Gala ta shirya tata gasar a 1884, sauran garuruwan yankin suka bi. An daɗe wasan bai wuce Sikotland ba sosai, sai da gasar Hong Kong ta fara a 1976 ya shiga duniya gadan-gadan. A 1993 aka yi gasar kofin duniya ta farko a Edinburgh, Ingila ta ɗauki kofin Melrose. A 2016 wasan ya shiga Olamfik a Rio, inda Fiji ta ci zinaren maza, lambar Olamfik ta farko a tarihinta. A shekarar ce kuma Kenya ta lashe gasar Singapore. Haig bai ga ko ɗaya ba, ya rasu a 1939. A 2008 hukumar zari-ruga ta duniya ta sa sunansa da na kulob ɗin a jerin gwarazan wasan.

Shi kansa kulob ɗin, ganiyarsa a wasan goma sha biyar ta zo ne ƙarƙashin Jim Telfer, malamin makaranta, wanda ya horar da Sikotland ta doke duk abokan karawarta a gasar ƙasashe biyar ta 1984. Tsakanin 1990 da 1997 Melrose ta zama zakaran ƙasa sau shida, da 'yan wasa irin su Craig Chalmers, Bryan Redpath da Doddie Weir. Gari mai mutane 'yan dubbai yana kayar da kulob-kulob na Edinburgh da Glasgow.

Ana cikin haka, a watan Agusta 1995, aka halatta biyan albashi a zari-ruga. Hukumar Sikotland ta zaɓi gina ƙungiyoyin ƙwararru na yankuna maimakon ta kulob, don haka manyan 'yan wasan Melrose suka tafi inda kuɗi yake, wasu can Ingila. Ƙungiyar ƙwararrun da aka kafa wa yankin, Border Reivers, an rushe ta a 2007. An sake gwadawa a 2019 da Southern Knights a Greenyards, ƙarƙashin gasar Super 6, ita ma aka soke gasar a 2024. Duk da haka Melrose ta sake cin gasar ƙasa a 2011, 2012, 2014 da 2018, kuma tana ci gaba da shirya gasarta ta 'yan bakwai-bakwai, wadda ke tara dubban 'yan kallo a Greenyards, ninkin mazauna garin.