Gudun Fanfalaki na Boston

Gudun fanfalaki na Boston tsere ne na kilomita 42.195 da ake yi kowace shekara a jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka. Shi ne mafi daɗewa a cikin irin waɗannan tsere da ake shiryawa shekara-shekara a duniya. Ƙungiyar wasanni ta Boston Athletic Association, wadda aka kafa a 1887, ita ce ke riƙe da shi tun daga ranar farko.

Asali

John Graham, wanda ya jagoranci 'yan wasan Amurka zuwa gasar Olamfik ta birnin Athens a 1896, shi ya dawo gida da sha'awar shirya irin tseren da ya gani a can. An yi na farko ranar 19 ga Afrilu, 1897, da mutum 15, a kan tazarar kusan kilomita 39.4 daga garin Ashland. John J. McDermott na New York ne ya lashe shi cikin awa 2 da minti 55 da daƙiƙa 10. A 1924 aka mayar da wurin tashi garin Hopkinton don tazarar ta dace da ta Olamfik.

Ana yin tseren ne a ranar hutun da jihar ke tunawa da fara yaƙin neman 'yancin Amurka a 1775. Tun daga 1969 wannan hutu ya koma Litinin ta uku a watan Afrilu. A 1918, saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojoji ne suka yi tseren miƙa sanda a madadinsa. A 2020 annobar korona ta sa aka soke taron, na 2021 kuma aka ɗaga shi zuwa Oktoba.

Hanyar da abin da take yi wa ƙafa

Hanyar miƙaƙƙiya ce daga yamma zuwa gabas: Hopkinton, Ashland, Framingham, Natick, Wellesley, Newton, Brookline, sannan titin Boylston a tsakiyar Boston. Wurin ƙarewa ya fi wurin tashi ƙasa da kusan mita 140, kuma mafi yawan gangaren yana farkon tseren. A nan ake yaudarar baƙo. Gangara tana sa mutum ya zarce saurin da ya tsara ba tare da numfashinsa ya gaya masa ba, alhali naman gaban cinya ne ke cin birki a kowane taku, yana yagewa kaɗan-kaɗan. Ba a jin ɓarnar sai an isa tuddai huɗu na Newton, tsakanin kilomita 26 da 34, daidai lokacin da sukarin da jiki ya tanada a cikin tsoka ke ƙarewa. Shi ya sa masu horarwa ke sa a yi atisayen gangara makonni kafin tseren, a kuma danne gudu a kilomita 10 na farko.

Tudun ƙarshe, Heartbreak Hill, bai wuce hawan mita 27 a cikin tsawon kusan mita 600 ba. Wurin da yake ne ya ba shi kwarjini. Sunan ya samo asali ne a 1936, lokacin da Johnny Kelley ya cim ma Ellison Brown a tuddan, ya dafa masa kafaɗa zai wuce, Brown kuwa ya zabura ya bar shi, ya lashe tseren.

Siffar hanyar ce kuma ta hana lokacin da aka yi a Boston zama tarihin duniya. Ƙa'ida ta hana gangaren da ya wuce mita 1 a kowace kilomita, ta kuma hana nisan wurin tashi da na ƙarewa ya wuce rabin tazarar tseren, don kada iska ta yi ta tura 'yan tsere daga baya. A 2011 Geoffrey Mutai na Kenya ya yi 2:03:02, gudun da ba a taɓa yi ba a lokacin, amma ba a ƙidaya shi ba.

Wa ke shiga

An daɗe ana hana mata. Roberta Gibb ta yi tseren a 1966 ba tare da lamba ba. A 1967 Kathrine Switzer ta yi rajista da haruffan farkon sunanta, ta samu lamba 261, har wani jami'i, Jock Semple, ya yi yunƙurin fizge lambar ana cikin gudu. Sai a 1972 aka amince da mata a hukumance, Nina Kuscsik ta zo ta ɗaya. Bob Hall ya buɗe wa masu keken guragu ƙofa a 1975.

A 1970 aka fara gindaya sharaɗin lokaci; yanzu sai mutum ya nuna shaidar lokacin da ya yi a wani tseren kafin a karɓe shi, gwargwadon shekarunsa da jinsinsa. Cika sharaɗin ma ba tabbaci ba ne, domin guraben kusan 30,000 ne, kuma idan masu nema suka yi yawa waɗanda suka fi sauri ake fara ɗauka. Akwai wasu gurabe da ake ware wa masu tara kuɗi don ƙungiyoyin agaji.

A 1980 Rosie Ruiz ta shigo hanya daf da ƙarshe aka naɗa ta zakara. Bayan kwana takwas aka ƙwace kambin aka ba Jacqueline Gareau ta Kanada.

Kyautar kuɗi ba ta shigo ba sai 1986, bayan manyan 'yan tsere sun fara ƙaurace wa Boston. Shekara biyu bayan haka Ibrahim Hussein na Kenya ya zama ɗan Afirka na farko da ya lashe shi, da ratar daƙiƙa ɗaya tsakaninsa da Juma Ikangaa na Tanzaniya. Daga nan 'yan Kenya da Habasha suka mamaye gasar.

Ranar 15 ga Afrilu, 2013, bama-bamai biyu suka tashi kusa da layin ƙarewa, mutum 3 suka mutu, fiye da 260 suka jikkata. An tsaurara bincike a gefen hanya daga shekarar da ta biyo baya, wadda Meb Keflezighi ya lashe, Ba'amurke na farko a ɓangaren maza tun 1983.