Wai itace a gona yana kashe shuka?

Har yanzu a ƙauyukan Marwa wasu na cewa inuwar itace kashe dawa take, shi ya sa ake share gona ƙal har kututture. To ai gawo ya ƙaryata su, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, shanu su kwanta gindinsa su ci 'ya'yan su bar taki. Je ka duba dawar gindin gawo, wallahi ta fi ta fili. Kututturen da ake ƙonawa ma bai mutu ba fa, saiwarsa na raye. A Maraɗi tun 1983 manoma ke barin tofo biyu uku su sassabe sauran, ba dashe ba ban ruwa.